Da muryarmu Inna ta bar maganinta

Waɗanda ke kama shirinmu na safe a nan Maraɗi za su iya tuna cewa cikin sanyin da ya wuce an yi sati uku cur ba a ji muryarmu ba. Da muka dawo mun ce wani uzuri ne na gida, muka wuce zuwa gaishe-gaishe. Uzurin kuwa mahaifiyarmu ce, Inna, aka kwantar a asibiti da ciwon zuciya. Mun daɗe muna juya maganar nan a ciki kafin mu rubuta ta, domin akwai hannunmu cikin abin da ya kwantar da ita, ko kuwa mu ce akwai bakinmu.

Shekara 6 ke nan da aka gano Inna na da hawan jini, tansiyo kamar yadda muke cewa. Ta je CSI na unguwa ne da ciwon kai, aka ɗaura mata abin awo a dantse, aka samu 18/11. Mu nan haka muke faɗi, sha takwas bisa sha ɗaya, ƴan uwanmu na wajen Jibiya da Katsina su ce 180/110, duk abu guda ne. Aka rubuta mata amlodifin, ƙwaya ɗaya kullum da safe, aka ce ta rage gishiri. Ta yi ta sha tana mita. Mitar tata kuwa ba ta canzawa: wane irin magani ne wanga da ba ya ƙarewa? Na zazzaɓin sauro kwana 3 ne an gama, na tsutsar ciki sau guda ne, shi kuwa wannan sai ka ce haraji. Mu yi dariya, mu sayo mata na wata mai zuwa, mu ajiye mata a bakin gado mu tafi.

Duk wanda ya san gidan rediyo mai zaman kansa a ƙasar nan ya san da mi yake rayuwa. Sanarwar aure da suna da rasuwa, cigiyar dabba, ɗan abin da ƙungiyoyi ke biya in suna da saƙo, sai talla. A cikin masu talla kuma babu mai biya da wuri, kuɗi a hannu ba bashi, kamar masu maganin gargajiya. Wata rana wani ya zo da takardarsa. Ruwan magani ne cikin gorar roba, takardar ta ce yana raba mutum da hawan jini da ciwon suga kwata-kwata cikin kwana 21, ba sai an sake komawa ga ƙwayar asibiti ba. Mu aka miƙa wa, wai muryarmu ta fi shiga kunnen dattawa. Har Hausar muka gyara masa, muka sa ɗan kiɗa a ƙasa. Daƙiƙa 45, sau biyu a rana, bayan labarai.

Mun yi lise fa. Mun zauna a aji an zana mana zuciya bisa allo da ɗakunanta huɗu, mun haddace da Faransanci, mun ci jarrabawa. Amma ranar nan a gaban mikro ko sau ɗaya ba mu tambayi kanmu ko abin da muke karantawa gaskiya ne ba. Aiki ne, an biya, mun karanta, mun fita shan shayi.

Inna ba ta kashe rediyonta. Mu ne ɗan fari, ba ta kama sunanmu, ba ta taɓa yabon mu gaban mutane ba, amma ƙannenmu sun ce in shirinmu ya soma ko kaza ba ta da izinin kuka a gidan. Ta ji tallar, ta aiki jikanyarta ta sayo gora ɗaya, daga baya ta ƙara biyu. Da kwana 21 suka cika ta ɗauka an rabu ke nan, tun da ɗanta ne ya faɗa. Ƙwayoyin da muke kawowa ta ci gaba da karɓa da godiya, tana jera su cikin wata tsohuwar kwalla ƙarƙashin gado. Wata bakwai ana haka. Kuma ba ta ji komai ba, abin da ya ƙara tabbatar mata ke nan. Shi hawan jini ai haka yake, ba ya ciwo. Hukumar lafiya ta duniya OMS ta ce kusan rabin masu ɗauke da shi ba su ma san suna da shi ba.

Alamun sun zo ɗaya bayan ɗaya, mu kuma kowace muka samo mata fassara. Takalmi ya daina shiga ƙafarta, muka ce zama ne ya yi yawa. Ta riƙa tsayawa hutu tsakanin ɗakinta da ƙofar gida, muka ce tsufa ne. Tari ya kama ta da dare, muka ɗora wa hazo da ƙurar hunturu. Ta daina kwanciya miƙe, sai ta jingina da bango ta kwana a zaune, ta ce haka ya fi mata daɗi. Gwiwa na damun ta, mai tallar magani a faranti ya ba ta diklofenak, tana sha safe da yamma.

Ƙarfe 3 na dare ƙanwarmu ta kira mu a salula, ba ta ma yi sallama ba. Mun tarar da Inna zaune bakin ƙofar ɗaki cikin sanyin nan, gumi ya jiƙa ta, ta dafa gwiwoyi tana jan numfashi kamar wadda aka tsamo daga rijiya. Ƙirjinta na ƙara ana ji daga nesa. Maƙwabcinmu mai mota ya kai mu babban asibiti.

Wani saurayin infirmiye ne ke gardi. Muna shiga muka yi ƙoƙarin shimfiɗe ta bisa gado, ya daka mana tsawa: «Kada ku kwantar da ita!» Ya zaunar da ita tsaye, ya sauko da ƙafafunta suna lilo, ya sa mata iskar oksijen, ya auna tansiyo ya samu 21/12, ya kira likita, kafin mu gama rarraba ido an yi mata allurar furosemid a jijiya. Daga baya ya bayyana mana dalili. In zuciya ta gaza tura jini, ruwa na taruwa cikin jiki. Da rana yana sauka ƙafafu, in mutum ya kwanta miƙe sai ya komo ƙirji ya cika huhu. Shi ya sa Inna ke kwana a zaune, jikinta ya gano abin tun kafin mu. Bayan kamar awa ɗaya ta soma fitsari, ta yi ta yi, numfashin ya riƙa saukowa. Ba mu taɓa zaton za mu yi murna da ganin fitsari cikin roba haka ba.

Da safe aka kai ta ɗakin mata. Nan muka haɗu da shugabar infirmiyoyin wajen, wadda kowa ke kira Majo, mu ma haka za mu kira ta. Mace ce mai kimanin shekara hamsin, a makarantar koyon aikin lafiya ta Damagaram ta yi karatu, ba ta da yawan dariya. Abu na farko da ta ce shi ne a kwaso mata duk abin da Inna ke sha a gida, na farmasi da na kasuwa da na daji, kada a bar komai. Ƙanwarmu ta je ta dawo da kwallar nan. Kwali bakwai na amlodifin ko ɓare su ba a yi ba, katunan diklofenak, da gorar roba wadda ba ta da rubutun komai sai lambar waya.

Majo ta ɗaga gorar ta duba, ta ajiye, ta dube mu.

«Tun da ka yi sallama nake cewa na san muryar nan. Ba kai ne mai cewa cikin kwana 21 ba?»

Ɗakin ya yi tsit, har masu jinyar sauran gadaje suka juyo. Mu da sana'armu magana ce, ranar nan ko kalma ɗaya ba ta fito ba. Inna ce ta janye abin oksijen daga hanci ta ce, «Majo, ki bar shi. Shi ma ba shi aka yi ya karanta.»

Majo ba ta ƙara tayar da zancen ba har muka bar asibitin. Cewa kawai ta yi, tun da mun iya karatu, mu samo kaye da bik, akwai aiki.

Likitan zuciya ya zo bayan an yi hoton zuciyar da awon bugunta. Ya ce shekaru tana tura jini da ƙarfi cikin jijiyoyin da suka matse, naman ya yi kauri, daga baya ya gaji ya saki. Duk wanda ya ga injin ban ruwa a fadamun Jiratawa yana fama da tiyon da aka take, ya san ƙarshen injin. Ya ce ba za ta koma sabuwa ba, amma da magani da kula mutum na iya shekaru yana harkokinsa. Ya rubuta ordonas, ya wuce gado na gaba. Ba laifinsa ba ne, layi na jiran shi a waje. In an haɗa duk lokacin da ya yi a kan Inna a rana bai wuce minti goma ba. Sauran awa ashirin da uku da ɗoriya hannun infirmiyoyi take, da hannunmu.

A da, in an ce infirmiye, abin da ke zo mana a kai shi ne mai allura da ɗaura ƙarin ruwa. Kwana 12 da muka yi a ɗakin nan ya canza mana wannan. Ƙarin ruwan ma da danginmu ke ta tambaya, wai mi ya sa ba a ɗaura mata ba ga ta ba ƙarfi, Majo ta ce wanda ruwa ke neman kashewa ba a ƙara masa ruwa. Aikinsu yawanci ido ne da lissafi. Kullum da asuba, bayan Inna ta yi fitsari, kafin ta ci komai, a ɗora ta bisa sikeli, da tufafi iri ɗaya. Duk fitsarin da ta yi cikin yini da dare a tara a auna, duk abin da ta sha a rubuta, har ruwan kunu da na shan magani, a gwada wanda ya shiga da wanda ya fita. A danna yatsa bisa ƙashin ƙwauri a ƙirga biyar a ɗaga, a ga ko ramin ya zauna. A dubi jijiyar wuya ko ta kumbura. A tambaye ta matashi nawa ta sa a daren jiya, domin wanda ya tashi daga matashi uku ya koma biyu ya samu sauƙi ko bai faɗa ba. A juya ta, a duba bayanta da dugaduganta, don fatar da ta kumbura saurin tsagewa gare ta. Da ta ɗan farfaɗo kuma suka hana ta zaman gado, yau zuwa bakin ƙofa, gobe zuwa ƙarshen baranda, amma in za ta tashi sai ta zauna bakin gado tukuna ta ɗan jima, saboda magungunan na iya sa jiri ya kayar da ita. Ta shiga asibiti da kilo 74, ta fita da 66. Kilo takwas ɗin nan duk ruwa ne.

Infirmiye biyu ne ke kwana a kan ɗakunan da suka cika, don haka dole su koya wa masu jinya. Majo na koyarwa kamar malamar lakwal ta da, sai ka maimaita mata abin da ta faɗa, in ka yi kuskure ka sake. Ta zube magungunan bisa tire ta ce sai mun san kowane da sunansa da aikinsa da sharrinsa. Inna kuwa da ba ta iya sunayen ba ta raɗa musu nata.

Furosemid, wanda wasu suka fi sani da Lasilix, Inna na ce masa mai kora bayi. Shi ke fitar da ruwa. Da safe ake shan sa, in an sha da dare ba barci, ga haɗarin tsohuwa ta faɗi cikin duhu a hanyar makewayi. Yana tafiya da wani sinadari na jini da ake kira fotasiyom, wanda bugun zuciya ke buƙata. Sifironolakton kuma riƙe fotasiyom ɗin yake yi, yana kuma taimakon zuciyar kanta. Shi ya sa ake ɗibar jini lokaci lokaci a duba shi a duba ƙoda, don yawansa haɗari ne, ƙarancinsa ma haɗari ne. Kaftofiril na sassauta jijiyoyi don zuciya ta samu sauƙin turawa. Bayan ƴan kwanaki da soma shi Inna ta kama wani busasshen tari mai ƙaiƙayin maƙogwaro, hankalinmu ya tashi mun ɗauka ruwan ne ya dawo. Wata ƴar infirmiya ta saurari ƙirjinta ta ce huhu a bushe yake, ta duba sikeli bai hau ba, ta ce wannan tarin maganin ne, sananne ne. Ta gaya wa likita, aka musanya shi da losartan, tarin ya tafi a hankali. Da a gida ne, mun san abin da zai faru: a sayo sirop na tari, ko a yar da maganin gaba ɗaya ba a gaya wa kowa ba. Na ƙarshe shi ne bisofurolol, wanda ba a soma ba sai da ruwan ya janye, kuma da ɗan kaɗan aka fara. Yana rage gudun zuciya don ta huta. Shi wannan Majo ta buga tire a kansa: ba a yanke shi rana ɗaya, ko da kuɗi sun ƙare a ranto, domin tsayar da shi kwatsam na iya tayar da zuciyar. Ta kama yatsunmu biyu ta ɗora bisa wuyan hannun Inna, ta ce mu ƙirga minti ɗaya cikakke da agogo, in ya gaza 50 ko Inna na jin jiri mu kira kafin mu ba ta.

Diklofenak kuwa da ɗan uwansa ibufurofen ta ce a manta da su har abada. Suna sa jiki ya riƙe gishiri da ruwa, suna wahalar da ƙoda, suna karya ƙarfin maganin tansiyo. Ku dubi yawan dattawanmu masu ciwon gwiwa da ke sayen su ƙwaya-ƙwaya a bakin kasuwa, ku dubi yawan masu tansiyo a cikinsu. In ciwo ya dame ta, farasetamol, shi ma na haɗiya, ban da mai tafasa cikin ruwa, don wannan akwai gishiri a cikinsa.

Yaƙin da ya fi wuya shi ne na kwanon abinci. Mu Hausawa ba mu zuwa dubiya hannu sake, kuma mai ƙaunar ka shi ke cika wa miyarka ɗanɗano. Gwaggonninmu suka riƙa zuwa da farfesu da dambu da miyar kuɓewa, Majo na tsaye bakin ƙofa tana buɗe kwano kamar ma'aikaciyar duwan. OMS ta ce kada babban mutum ya wuce giram 5 na gishiri a rana, wajen ƙaramin cokalin shayi ɗaya ke nan, har da wanda ke ɓoye cikin abinci. To dunƙulen magi kusan rabinsa gishiri ne, mu kuwa uku huɗu muke jefawa a tukunya sannan mu ƙara gishirin. Ga kilishi, ga busasshen kifi, ga burodi. Sai kanwa, wadda ba mu taɓa lissafa ta cikin gishiri ba, alhali sinadarin da ke riƙe ruwa a jiki, sodiyom, yana cikinta kamar yadda yake cikin gishirin. Muna sa ta a wake, a kuɓewa, a kuka, a kunu. Wata gwaggonmu ta yi fushi ta ce za a kashe mata ƴar uwa da lami, ta kwashi kwanonta, kwana biyu ba ta dawo ba. A gida yanzu ana ɗibar miyar Inna a ƙaramar tukunya kafin a sa magi, a ƙara mata albasa da tafarnuwa da citta da lemun tsami. Sati biyun farko ta ce ciyawa ake ba ta. Yanzu in ta ɗanɗana tamu cewa take mun zuba gishiri kamar na jiƙa fata.

Bari mu ɗan ratse, don akwai wadda ba mu iya mantawa. Gadon da ke kusa da na Inna wata yarinya ce daga wani ƙauye na wajen Madarumfa, ba ta fi shekara ashirin ba, da jaririnta na wata biyu. Kumburi da haki suka kama ta bayan haihuwa, aka ce jego ne, aka ci gaba da ba ta kunun kanwa, sai da ta kasa tashi aka kawo ta. Ciwon zuciya ne da ke kama mata a ƙarshen ciki ko watannin farko bayan haihuwa. Likitocin Zariya sun yi rubutu a kansa tun shekarun 1970, na Yamai ma sun bi sawunsa, kuma ƙasar Hausa na cikin wuraren da aka fi ganin shi a duniya. Ba kanwa kaɗai ke kawo shi ba, amma ɗura kanwa ga zuciyar da ta riga ta raunana ƙarin kaya ne bisa jakin da ya durƙusa. Ita digoksin ake ba ta, ƙwaya ƙarama ƙwarai, kuma ba a taɓa miƙa mata ita ba sai infirmiya ta ƙirga bugun hannunta minti ɗaya. In ya gaza 60 a dakata a gaya wa likita. Kullum a tambaye ta ko tana jin tashin zuciya, ko tana ganin abubuwa sun yi rawaya, don tsakanin adadin da ke magani da wanda ke guba a wannan ƙwayar tazarar kaɗan ce. Mun ga Majo ta ja mijin gefe ta yi masa magana mai tsawo a kan kada yarinyar ta sake ɗaukar ciki sai likita ya duba zuciyar ya yarda. Yana ta gyaɗa kai yana kallon ƙasa. An sallame su kwana biyu kafin mu.

Ranar sallama Majo ta karɓi kayen nan mai shafi 100 ta ja layuka da kanta: rana, kilo, tansiyo, bugun hannu, ƙafa, matashi. Ta tambayi wa ke kwana gida ɗaya da Inna kullum. Muka ce jikanyarta, wadda ke siziyem a koleji, ita ce ma aka aika sayen gorar. Ta ce a kirawo ta. Ta zaunar da yarinyar ta koya mata ɗaura abin awo, ta ce Inna ta zauna minti biyar tukuna ba magana, hannu a dafe bisa wani abu daidai ƙirji. Ta ce in kilo ya ƙaru da 2 cikin kwana 3, ko Inna ta nemi ƙarin matashi, ko haki ya dawo, kada a jira randebu, kada a jira kawu ya taso daga aiki. In kuma zawo ko amai ya kama ta, ko ta kasa cin abinci, a kira a tambaya kafin a ba ta mai kora bayi, don a nan kuma bushewa ce abin tsoro. Ta rubuta lambarta a bangon kayen. Yarinyar nan yau ta fi mu sanin tansiyon kakarta, jiya 13/8 ta rubuta.

Maganar kuɗi ba mu ɓoye ta. Sikeli da abin awo mun saya sau ɗaya an wuce wurin, amma magani kowane wata ne, ga awon jini, ga kuɗin ganin likita. Tun shekarun baya aka ɗauke wa iyaye kuɗin jinyar yara ƴan ƙasa da shekara 5 da na tiyatar haihuwa, amma ƙwayar tsohuwa mai tansiyo daga aljihu take fita, kuma har iyakar rai. Mu huɗu ke karo-karo, da ƙanenmu na Yamai da wanda ke Agadas. Majo ta koya mana mu riƙa tambaya da sunan maganin na asali, wanda ke rubuce da ƙananan baƙaƙe a ƙasan sunan kamfani, sau da yawa ana samun mai sauƙin kuɗi kuma aikinsu ɗaya. Ta ce a sayo na gaba saura sati ɗaya na hannu ya ƙare, don ana zuwa farmasi a ce babu. Mun zauna kusa da wani dattijo a layin randebu da ya ce shi rabi-rabi yake sha don kwali ya kai shi wata biyu. Mun rasa abin da za mu ce masa.

Da azumi ya matso likita ya ce bana kada ta ɗauka, zuciyar ba ta daɗe da farfaɗowa ba, ga zafi ga maganin fitar da ruwa. Inna ta ce tun tana budurwa ba ta taɓa sha da gangan ba. Sai da limamin unguwa ya zo har gida ya yi mata bayanin rangwamen da aka yi wa marar lafiya sannan ta haƙura, tana ƙunƙuni.

Ranar da muka koma aiki mun shiga wajen darekta muka ce ba mu ƙara karanta tallar da ta ce tana warkar da tansiyo ko suga, kuma a cire wadda ke da muryarmu. Ya saurare mu har ƙarshe, ya yi wa Inna addu'a, sannan ya jawo takardar kuɗin kuran da ta albashi ya ajiye gabanmu. An cire muryarmu. Tallar tana nan tana fita sau biyu a rana da muryar wani abokin aikinmu, an dai goge wajen da ke cewa ba sai an koma ga ƙwayar asibiti ba. Iyakar abin da muka samu ke nan, sai minti ashirin ranar Laraba da aka ba mu muna gayyato ma'aikatan lafiya. Ba gaba muke da maganin gargajiya ba, da shi aka raine mu, zoɓon da muke sha ma an san yana ɗan sassauta tansiyo. Abin da muka ƙi shi ne a ce wa mutum ya warke ya ajiye ƙwayarsa. Majo ta zo shirin sau ɗaya bayan mun yi ta roƙo. Gaban mikro sai ga ta tana rawar murya, ita da ke sa ƙarti su yi shiru a baranda. Kira ya yi ta shigowa daga Tibiri, daga Gidan Rumji, daga Tasawa, kuma kusan kowa tambayarsa guda: na ji sauƙi, in daina? Ta amsa ta fi sau goma ba ta gaji ba.

Inna na nan, tana zuwa har ƙofar gida ba hutu, matashi biyu take sawa. Rediyonta na nan a kunne. Ranar Juma'ar da ta wuce mun je gaishe ta, mun duba kaye, mun ƙirga ƙwayoyin da suka rage mun gwada da kwanakin wata, don yanzu ba mu yarda da godiya kawai ba, har ƙarƙashin gado muna leƙawa. Tana kallon mu ba ta ce komai ba sai da muka miƙe za mu tafi.

«Kai wanga, gora ukun nan jika shida na biya. Tun da kai ka saida mini, kai za ka maido mini kuɗina.»

Mun ba ta jika biyar da ke aljihunmu. Ta ƙirga, ta ɗaure a bakin zane, ta ce saura ɗaya.